Kayan Aro a Gidan Malam Jibo

"Ke, wai da wayar nan a kunne aka haife ki ne?" in ji Inna Ma'u, tana kaɗa nono a gindin darbejiyar tsakar gida. "Tun ɗazu nake cewa ki miƙo mini faifai!"

Ummu Hani ta yi dariya ta miƙa mata. "Inna, Bahijja ce fa daga Indiya. Tsaya ki ji."

Bahijja 'yar Karaye ce, da aji ɗaya ta girme wa Ummu Hani a sakandare, yanzu tana can tana karatun haɗa magunguna da tallafin wata gidauniya ta Kano mai suna Hasken Karkara. Muryarta ta cika gidan: "Ƙawata, mu uku ne a ɗakinmu. Akwai 'yar Kenya, ita bashi aka ba ta. Karatun zane-zane take so kamar ranta, amma akanta take karantawa don ta samu aiki da wuri ta biya. Akwai 'yar Nijar, nata kyauta ne amma sai ya ga dama yake zuwa, wani watan tare muke cin nawa. Wallahi kowa ka gani a nan, irin taimakon da ya samu shi ya yanka masa tsawon burinsa. Ke dai ki dage, sikolashif ɗin nan naki ne!"

"Allah ya sa," in ji Inna. "Amma har yanzu ban ga abin da za a koya a bayan teku wanda babu shi a Kano ba."

Gaskiya Bahijja ta faɗa, domin ita kanta Ummu Hani shaida ce. Kafin ƙawarta ta tafi, burinta bai wuce ta gama sakandare ta koyi ɗinki ba. Ba don kanta ba ya ja ba, ita ce ma ke ɗaukar na ɗaya. Abin dai shi ne ɗan talaka yakan auna mafarkinsa da aljihun ubansa tun kafin ya kwanta. An yi mata zancen bashin karatu, mahaifinta Malam Jibo ya ce shi ba zai kai 'yarsa gidan miji da bashi a wuya ba. Sai da ta ga 'yar yankinsu ta hau jirgi ba da ko sisin ubanta ba, sannan ta yarda ta furta abin da ke ranta: likitan dabbobi take son zama. Tana ƙarama ciwon huhu ya shiga garken Baffa, wato mahaifin nata, ya share shi, tana kallo ana jan shanun ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin kiwon shanun mutane yake yi a nan bayan ƙauyensu Turawa, ya noma 'yar gonarsa, su ci su gode Allah.

Ta ci jarrabawar gidauniyar, ta ci intabiyu. Abu ɗaya ya rage: ranar Asabar za su turo mutane su ga gidan da idonsu, su tabbatar iyayenta ba su da halin biya mata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Muntaka ne, ɗan Alhaji Daudu na Rogo mai ba da hayar kujeru da rumfunan biki. A wajen bikin yaye ɗalibai ya fara ganinta, ya kawo rumfa ya tsaya jin jawabinta har ya manta da ɗaure igiya, iska ta kusa kifar da rumfar a kan manyan baƙi. Yanzu an yi gaisuwar iyaye, sa rana kawai ake jira.

"Ranki ya daɗe, likita!" ya ce da ta fito da tabarma. "Ga maras lafiya ya kawo kansa."

"Ai ni dabbobi zan duba."

"To ai shi ke nan, rubuta ni a layin raguna. Ni dai a duba ni!"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Da dariyar ta lafa ta ce, "Muntaka, tsakaninka da Allah, in na samu za ka iya jira? Karatun nan fa ba na yau da gobe ba ne."

"Ni da nake jiran mutanen Rogo su dawo mini da kujeru bayan biki? Ai ba wanda ya kai ni iya jira." Sai ya daina wasa, ya dube ta. "Ina son ki, Ummu Hani, kuma da burinki na gan ki. Hajiyarmu ce dai take ɗan ƙorafi, ta ƙagu ta ga jika. Bar ni da ita."

Washegari da sassafe Baffa ya tura ta tashar Karaye ta taro baƙin, don hanyar gidansu akwai ruɗarwa. Motarsu ta yi latti, sai wajen azahar suka iso: wata mata mai fara'a, Malama Fiddausi, da abokin aikinta mai tabarau. Ummu Hani ta shiga gaba tana nuna hanya, zuciyarta fes.

Tun daga nesa ta fara jin ƙugin janareta. Ta ce a ranta ko wani biki ake yi a maƙwabta. Da suka yi sallama suka shiga, sai ta tsaya cak.

Gidansu ne, amma ba gidansu ba ne. An kafa rumfa a tsakar gida, an shimfiɗa kafet ja, an jera kujerun kushin masu hannun zinare irin na amarya da ango. Ga fanka tana juyawa, ga firji, ga talabijin tana ta surutu ba mai kallonta. Baffa ya fito cikin babbar riga ta shadda wadda ba ta taɓa gani ba, Inna ta sha leshi. A kan tebur kuwa kaji ne soyayyu da shinkafa da lemon kwalba mai raɓa.

Abin da ya faru shi ne, tana fita Hajiya Sauda, mahaifiyar Muntaka, ta aiko da a-kori-kura shaƙe da kaya, da saƙon cewa baƙi daga birni ba a tarbarsu a kan tabarma, kada surukanta su ji kunya. Su Inna kuwa suka yi ta sa albarka. A ƙasar nan wa ya taɓa yin baƙo ya nuna masa babu? Ko tukunyarka ba ta hau wuta ba, sai ka aro ta maƙwabci ka ɗora. Haka suka tashi suka ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa ce musu akwai baƙon da babun yake zuwa gani.

"Maraba, maraba! Sannunku da hanya. Ya gajiya? Ya iyali? Ya mutanen birni?" Baffa sai washe baki yake.

Aka ci aka sha. Mai tabarau yana ta waige-waige. Can Malama Fiddausi ta ce, "Malam, garken nan da muka wuto a bayan gida, na wane ne?"

Baffa ya gyara zaman rigarsa. Bafulatanin da aka haifa a cikin shanu, a tambaye shi a gaban 'yarsa da matarsa da baƙi? Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Na gida ne, alhamdulillahi."

Ummu Hani ta buɗe baki. Kalma biyu za ta faɗa komai ya gyaru. Sai ta dubi fuskar mahaifinta, ta ga wani haske da rabonta da ganinsa tun kafin shanunsa su mutu. Yau shi ne mai gida mai karɓar baƙi, ana cin abincinsa ana yabawa. Ta mai da bakinta ta rufe, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Ba a rufa wata ba saƙo ya shigo wayarta. Gidauniya tana yaba ƙoƙarinta, amma bincike ya nuna iyayenta suna da halin ɗaukar nauyinta, don haka an ba wani gurbin. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta fito. Da Baffa ya tambaya ta ce, "Ba rabo, Baffa." Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Kwana kaɗan sai ga Hajiya Sauda ta zo jaje, da goro da turmin atamfa. Ummu Hani ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma ɗaki kamar yadda kunya ta tanada. Amma ɗakin kara ba ya riƙe magana.

"Ai sai haƙuri, Ma'u," Hajiya take cewa. "Dama ni tun da yaron nan ya gaya mini wai talauci za su zo dubawa, na ce wannan tallafi ba alheri ba ne. Yarinya ta tafi wata ƙasa, ɗana ya zauna yana ƙirga taurari? Yanzu sai a sa rana, da an cire gyaɗa a sha biki."

Ummu Hani ta dafe ƙirji. Ashe ta sani! Ta san abin da za a zo dubawa, ta aiko da kujerun.

Ranar Juma'a ko tabarma ba ta fito da ita ba. Muntaka na ganin idonta ya sauka daga babur jiki a sanyaye.

"Wa ya loda kayan nan a mota?" ta tambaye shi.

"Ni ne. Da hannuna."

"Kuma ka san abin da mutanen nan za su zo gani!"

"Na sani. Wallahi tallahi kaina bai kawo ba, Ummu Hani! Hajiya ta ce a fita kunyar surukai, ni kuma ina ta rawar jiki, har goge kujerun na yi. Sai da kika turo mini mesej ɗin gidauniyar nan na gane abin da na aikata." Ya ciro waya. "Ba ni lambar matar. Yanzu zan kira in faɗa mata komai."

"Ka ce mata me? Mahaifina maƙaryaci ne?" Hawaye suka zubo mata. "Da bakinsa ya ce shanun nasa ne. Da in tona masa asiri gara in mutu ban ga ƙofar jami'a ba. Ka je ka ce wa Hajiya ta sa ranar. Na haƙura."

Ga shi dai an miƙo masa abin da yake so a faranti, ba tare da ya roƙa ba. Wani saurayin da sai ya yi hamdala ya tafi ɗinka kaya. Muntaka ya girgiza kai.

"Ba zan aure ki a haka ba," ya ce. "Kullum na shigo gida kika ɗago kika dube ni, kujerun nan zan riƙa gani a idonki. Ina Baffa?"

"Muntaka, kar ka —"

Ina! Ya riga ya nufi garke. Ta leƙa ta jikin zana, ta hango shi ya cire takalmi ya durƙusa a gaban tsohon, yana magana yana nuna ƙirjinsa. Baffa na tsaye, ya dogara da sandarsa, bai motsa ba har yaron ya gama.

Da la'asar Baffa ya shigo ya zauna a kan turmi, ya kira ta.

"Gaskiya ne abin da yaron nan ya faɗa? Maganata ce ta hana ki?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina wurin. Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Baffa, na ga kana murna."

Tsohon ya kau da kai ya dubi katanga. Inna da ke tankaɗe ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Ranar Baffa bai taɓa tuwonsa ba.

Ranar Litinin da hantsi a-kori-kurar Alhaji Daudu ta sake tsayawa a ƙofar gidan, da kayan nan dai a bayanta: kujeru, kafet, firji, fanka, janareta, har babbar rigar a ninke. Muntaka ya ce an kai ruwa rana a Rogo. Hajiya ta tare ƙofa tana cewa in ya fita da motar nan ba da yawunta ba, shi kuma ya durƙusa yana ba ta haƙuri, har Alhaji ya fito ya ji zancen tun daga tushe, ya ɗauki makulli ya danƙa masa da kansa.

Baffa ya fito da tsohuwar rigarsa ta kiwo da malafarsa. "Ɗauko mayafinki," ya ce wa 'yarsa. "Kano za mu."

A ƙofar ofishin gidauniyar Muntaka ya fara sauke kaya, mai gadi yana ta "Kai, kai, lafiya? Nan ba gidan biki ba ne!" Kafin ka ce me, ma'aikata sun fito, masu wucewa sun tsaya. Malama Fiddausi ta fito, ta dubi kujerun masu hannun zinare, ta dubi tsohon, ta gane su duka.

Baffa ya cire malafa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ga arzikin da kuka gani a gidana, na kawo muku shi ku ƙara gani. Na mahaifin yaron nan ne, haya yake bayarwa. Rigar da na sa ma ga ta nan." Ya ci gaba, bai rage murya ba. "Shanun kuma da kika tambaya, ba nawa ba ne. Kiwo nake yi wa mutane. Ni Jibo, ko ɗan maraƙi ba ni da shi a duniyar nan. Kunya ce ta sa na faɗi abin da na faɗa, yarinyar nan ba ta da laifi. In hukunci ne a yi mini, kada a yi mata."

Ummu Hani ta san abin da maganar nan ta ci wa mahaifinta, a tsakiyar titi, a gaban baƙin ido. Kuka ya ƙwace mata, kuma ba ta taɓa jin girmansa a ranta kamar na wannan lokaci ba.

Malama Fiddausi ta share ido da gefen gyale. "Baba, mayar da malafarka, don Allah. Ku shigo ciki." Da suka zauna ta ce, "Ba zan yaudare ku ba, guraben bana sun cika, yaran har sun fara shirin tafiya. Amma zan kai maganar gaba. In an yarda, baɗi ba sai ta sake jarrabawa ba. Za mu dawo gidan, sai dai wannan karon ba za mu faɗi ranar ba." Ta yi ɗan murmushi. "Allah kaɗai ya san yara nawa muka bari a baya saboda karamcin iyayensu."

Shekara guda ba wasa ba ce ga mai jira. Aka cire gyaɗa ba a yi biki ba. Hajiya Sauda ta ɗauke ƙafa, ta shiga kawo wa ɗanta zancen 'yan matan Rogo ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce duk suna da kyau, Allah ya ba su mazaje nagari. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma fasa zuwa Turawa ranar Juma'a ba. Ummu Hani ta kama koyar da yara a Islamiyya, in ma'aikatan allurar dabbobi sun zo ta bi su tana riƙe musu kaya tana tambaya. Duk Sallah sai ta dafa abinci ta aika wa Hajiya, ko da kwanon zai dawo ba tukuici ba godiya. In ƙawaye sun zuga ta sai ta ce, "Uwar Muntaka ce. Tsoron rasa ɗanta ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba."

Wata Laraba da damina sai ga mota ta tsaya ba sanarwa. Suka tarar da Inna tana daka, ɗaki ɗaya yana yoyo an tara kwano, Baffa ya dawo daga kiwo jiƙe sharkaf. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama fura a ƙwarya. Malama Fiddausi ta sha ta ƙara, ta ce rabon da ta sha irinta tun tana yarinya.

Da saƙon ya zo Ummu Hani ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta kurma ihu har kaji suka watse. "Inna! Baffa! Masar! An ba ni — likitan dabbobi, a Masar!" Inna ta rangaɗa guɗa, Baffa ya fuskanci gabas ya yi sujada a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Alhaji Daudu da kansa ya zo washegari. Ya ce wa Baffa, "Malam Jibo, mutumin da zai tsaya a titin Kano ya faɗi abin da ka faɗa saboda 'yarsa, ni ina roƙon Allah ya haɗa jinina da nasa. A ɗaura auren nan kafin ta tafi. Ta je da igiyarta, in an yi hutu ta dawo ɗakinta."

Ana saura kwana kaɗan biki Hajiya Sauda ta aiko a kira mata amarya. Ummu Hani ta je ta durƙusa a bakin ƙofa. Hajiya ta jawo ta ta zaunar kusa da ita.

"'Yar nan, da sanina na aika da kayan nan. Na ce in kin tafi kin tafi ke nan, za ki ga duniya ki raina ɗana. Shekara guda ina jiran ki rama, ko da kallon banza ne, ba ki rama ba." Ta kama hannunta. "Ki yafe mini."

"Hajiya, ni ban riƙe ki ba. Ki sa mini albarka kawai."

"Allah ya yi miki albarka. Ki je ki karanto, ki dawo ki same mu lafiya. Amma fa jikana yana nan a kanki, ban yafe wannan ba!"

Suka yi dariya su biyu, da hawaye a fuska.

An ɗaura aure a Turawa, an yi walima a Rogo, bayan 'yan makonni ango ya raka amaryarsa filin jirgi a Kano. Abokansa suna ta tsokanarsa wai ya auri mata ya saka ta a jirgi. Ya ce su bar shi, shi ya san abin da ya shuka. Da aka kira fasinjoji Ummu Hani ta durƙusa a gaban Baffa, ya ɗora hannu a kanta, ya ce "Allah ya tsare." Ta juya ga mijinta.

"Za ka iya?"

"Je ki, matata. Ina nan."

To, 'yan'uwa matasa, ku ɗauki darasi. Talauci ba abin kunya ba ne, kuma taimakon da aka tanada don mai buƙata ba ya samun wanda ya ɓoye buƙatarsa. Iyaye su sani, wani lokacin abin da muke kira fita kunya shi ke rufe wa 'ya'yanmu ƙofa. Mai son ki da gaske ba zai gina farin cikinsa a kan rushewar burinki ba, ko da an miƙo masa a kyauta. Ummu Hani ta zaɓi mutuncin mahaifinta a kan karatunta, mahaifinta ya ajiye mutuncin nan a titi saboda ita, Allah kuma bai bar ɗayansu ya yi asara ba.